Jeren da Attahiru Ya Yi wa Ni'ima

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi na bakin tashar Aliero ya san Attahiru, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Dogo ne siriri, hularsa kullum a karkace, kuma ba a taɓa kawo zancen wani aiki a gabansa ya rasa cewa ya taɓa yin sa ba. In ana zancen rijiya, ya haƙa. In ana zancen ɗori, ya ɗora ƙafar wani basarake. Amma abin da ya fi cika baki a kai shi ne ɗan zaman da ya yi a wani babban kanti a Jega, inda aka sa shi jera gwangwanayen madara da na tumatir. A can ne ya gano abin da yake kira ilimin sahu. In ka ba shi gwangwani goma sha biyu, sai ya ce maka ana iya yin sahu uku na hurhuɗu, ko sahu biyu na shida-shida, babu saura babu gibi. Yana faɗin haka yana lumshe ido, sai ka ce wahayi aka yi masa. Gonarsa ta albasa ma haka take: duk fadamar babu wadda ta kai ta kyan tsari, kuma babu wadda ta kai ta ƙarancin albasa.

To, ana nan sai bikin Ni'ima ya zo. Ni'ima 'yar yayansa ce, marigayi Dalhatu, kuma uwarta ma ta rasu tun yarinyar tana goye. Yayarsu Kulsum ce ta raine ta. Za a kai ta Giwa Tazo ta ƙasar Maiyama, gidan wani malami, wurin ɗansa Mubashir, kuma kowa ya san suna son juna. Abu ɗaya ne ya hana Kulsum barci tun da aka sa rana: kada matan gidan miji su leƙa ɗakin amarya su taɓe baki su ce ai ɗakin marainiya ne. Saboda haka ta yi shekaru tana tara kwanonin jere, yau ɗaya gobe biyu, duk ranar da ta shiga kasuwar Jega.

Ana gobe za a tafi jere, Attahiru ya shigo ya tarar an baje su a tabarma ana gogewa.

"Yaya, kwanonin ga nawa na?"

"Sittin na. Ja da baya kada ka take."

"Sittin!" Ya dafe ƙirji. "Yaya, kin san abin da kinka tara kuwa? Sittin sarkin adadi na. Biyu sau talatin, uku sau ashirin, huɗu sau sha biyat, biyat sau sha biyu, shida sau goma. Dut inda kinka juya shi rabuwa shikai. Wallahi ni zan yi jeren ga. Sai an zo kallo tun daga Jega!"

Matan suka bushe da dariya. Bushira, wata 'yar ɗakin Kulsum mai baki kamar reza, ta ce, "Baba Attahiru, in kai jere, gobe kuma sai ka zo mu ƙunsa maka lalle."

Kulsum ta ce, "Jere aikin mata na. Kuma gidan malamai za mu, ba a shiga. In Hajiya Gudiya, uwar ango, tag ga namiji cikin gidanta, mun gama kunyata."

Amma da safe motar kaya na tsayawa aka ga Attahiru zaune a kan katifa can ƙololuwa, ya riƙe igiya. Gaskiya kuwa ana bukatar mai ɗaukar gado da kabad, don haka aka ƙyale shi. Allah ya taimaka, sashen da aka gina wa amarya yana da ƙofar baya mai fuskantar gonaki, ta nan aka shigar da kaya ba tare da an bi ta cikin gida ba. Da aka gama sauke komai, Kulsum ta nuna masa ƙofa. Sai mutumin ya cire hula, ya yi ƙasa da murya, abin da ba a saba gani ba.

"Yaya, ɗiyar Dalhatu ta hwa. Kowa ya kawo mata wani abu. Ni albasata ba ta yi ba, ko cokali ban aje mata ba. Abin da nike da shi ke nan cikin kaina. Ki bar ni in ba ta."

Zuciyar Kulsum ta karye. Ta dube shi ta ga kamannin Dalhatu a goshinsa. Ta ce, "To. Mu za mu shimhiɗa leda mu rataya labule mu haɗa gado. Kai ka ji da kwanoni. Amma kahin la'asar ka ɓace, don da an sallame Hajiya za ta shigo da mata ganin ɗaki."

Attahiru ya mayar da hula, ya naɗe hannun riga. Ya sa aka jingina dogon tebur da bango, ya shiga aiki: kwano, a kife murfi a kansa, a ɗora wani. Kafin a ce me, ya tayar da sahu shida, kowane sahu kwano goma, kansu ɗaya kamar an sa musu magwaji. Kai, abin ya yi kyau, wannan kam ba za a hana shi ba. Har Bushira ta tsaya da guduma a hannu ta ce, "Ashe dai akwai abin da ka iya."

"Wanga somin taɓi na," in ji shi. "Ni da na jera kantin da gwamna da kansa..."

Bai ƙarasa ƙaryar ba aka yi sallama a ƙofar baya. Inna Lubna ce daga Birnin Malam, tsohuwar ƙawar uwar Ni'ima, ta sauko daga mashin ɗin kabukabu tana dogara sanda. Ta kwance ƙullinta ta fito da kwano ɗaya sabo fil, mai zanen fure ja.

"Ga gudummawata. A sa wa ɗiyata cikin jere."

Abin da Attahiru bai sani ba ke nan. Gwangwanin kanti a kwali yake zuwa, adadinsa ba ya motsi. Kwanon jere kuwa, duk 'yar uwa da ƙawa da maƙwabciya da ta ji labari tana tafe da nata, har sai an rufe ɗaki. Ya karɓi kwanon yana jujjuya shi kamar an miƙa masa garwashi.

"Inna, guda ɗaya tak?"

"To nawa kaka so, ɗan nema? Kanti gare ni?"

Ya koma gaban teburi yana motsa baki. Sittin da ɗaya. Sahu biyu, saura ɗaya. Sahu uku, saura ɗaya. Huɗu, saura ɗaya. Biyar, shida, kowanne sai kwanon nan guda ya tsaya a gefe yana kallonsa. Ya gwada bakwai, saura biyar. Gumi ya fara tsattsafo masa.

Kulsum ta leƙo daga bayan gado. "Ɗora shi bisa kowane sahu mana, mu wuce wurin."

"In ɗora? Sahu guda ya hi sauran tsawo? Yaya, ki ji tsoron Allah. Sunana za ki ɓata?"

Yana cikin wannan hali sai ga wasu 'yan biyu, jikokin maƙwabciyarsu da ke aure a Maiyama, kowacce da kwano. Attahiru ya ƙirga, ya daka tsalle har hularsa ta taɓa silin. "Sittin da uku! Bakwai sau tara! Allah shi yi muku albarka!" Nan take ya rushe sahu shidan nan masu kyau, ya baje kwanoni a kan sabuwar ledar da mata ke ƙoƙarin miƙarwa. Teburin bai isa sahu bakwai ba, sai ya jawo akwatin amarya ya kara a gefe, ya cusa takalminsa a ƙarƙashi don tsayi ya zo ɗaya.

Yana ɗora na ƙarshe aka sake sallama. Kwano ɗaya. Mata suka zuba masa ido suna jiran ya fashe, sai suka ga ya durƙusa yana godiya.

"Sittin da huɗu! Takwas sau takwas! Tsawo da hwaɗi dut ɗaya! Ko a Jega sau guda na taɓa samun irin wanga!"

"Kada ka rushe," in ji Kulsum.

Ya riga ya rushe.

Sahu takwas sai da aka kwance ƙafar gadon da aka gama ɗaurawa aka matsar da shi. Labulen da Bushira ta rataya ya faɗo mata a ka. Aka kira azahar, matan suka yi salla bi da bi, shi kuwa ya fita bayan katanga ya yi tasa cikin gaggawa, har ana zargin ya ƙirga raka'o'in sahu-sahu. Da ya dawo ya tarar da kwano ɗaya a bakin ƙofa, wata ta aiko. Sittin da biyar, biyar sau goma sha uku. Ya rushe, ya tayar. Sahun ya yi tsawo har yana rangaji. Bai ko ja da baya ya kalli aikinsa ba, wata gwaggo ta shigo da biyu.

Sittin da bakwai. Ya bi shi da biyu, da uku, da huɗu, har takwas. Adadin ya ƙi. Ya sake bi daga farko ko ya yi kuskure. Ya ƙi.

Daga nan ne hankalinsa ya soma barin jikinsa. Ya je ya tsaya a ƙofar baya ya buɗe hannuwa kamar ɗan sanda a shingen hanya.

"Daga yanzu ba mai shigowa sai ta hwaɗi nawa ta kawo. Ɗaya nike so. Mai guda ta shigo, mai biyu ma ta shigo. Mai huɗu ta koma gida!"

"Ɗazu ka raina mai guda," in ji Inna Lubna daga inda take zaune tana tauna goro. "Yanzu kuma ita kaka nema? Kulsum, yaron ga lahiya tai?"

"Tun shina ƙarami haka shike, Inna."

Hanya ta yi tsit, babu mai zuwa. Attahiru ya waiga hagu ya waiga dama, ya dawo ciki sumumu, ya ɗauki kwano ɗaya ya zura a cikin babbar rigarsa. Sittin da shida, shida sau goma sha ɗaya, shi ke nan an huta. Sai dai da ya tashi tafiya cikinsa ya yi ƙwal da ƙofar kabad.

Bushira ta ce, "Ikon Allah! Baba Attahiru, wata nawa na?"

Kulsum ta sa hannu ta zaro kwanon. Mai jan furen nan ne. Inna Lubna ta miƙe da sandarta, tsohuwar da ɗazu da ƙyar take taka ƙasa.

"Nawa za ka ɓoye? Ni da na yi wa uwar yarinyar ga wankan jego? Tun Birnin Malam na riƙo shi bisa cinyata, mai mashin na ta hwaɗa wa ramu!"

Sai da aka shiga tsakani, bayan sanda ta same shi sau biyu a gadon baya. Kulsum ta nuna shi da yatsa, idonta ya kawo ruwa. "Dut kwanon da ya shigo ɗakin ga, mutum na ya tuna da Ni'ima. Ka sake taɓa guda da niyyar ragewa, ni da kai har abada."

To, tunda ragi ya haramta, sai ƙari. Attahiru ya sulale waje. Can a bayan wani gida ya hango tsohon kwano a ƙasa, duk ya ɓaɓɓalle, agwagi na shan ruwa a ciki. Ya kore su, ya zubar da ruwan, ya goge shi da gefen riga, ya dawo da gudu. Sittin da takwas, huɗu sau goma sha bakwai! Ya cusa shi a tsakiyar sahu inda ido ba zai kai ba, ya hau tayar da sahu huɗu.

Agwagin ba su yarda ba. Suka biyo shi a jere, uwar a gaba, suka shigo ɗakin amarya suna huci, suka hau sabuwar leda suka yi abin da agwagi suka saba yi. A bayansu ga mai su, wata mata gajera mai murya kamar ta mutum uku.

"Ina ɓarawon kwanon agwagina? Na gan shi, dogo mai karkatacciyar hula! Baƙin Aliero, haka kuke biki garinku?"

Kulsum ta kama hannunta tana ba ta haƙuri, tana roƙon ta rage murya kada a ji a cikin gida. Aka zaro kwanon daga tsakiya, sahun ya zube. Aka haɗa mata da goro da cincin kafin ta tafi, tana tafe tana waiwaye. Bushira da sauran suka bi agwagi da tsintsiya, wata agwagwa ta shige ƙarƙashin gado sai da aka jawo ta ta ƙafa.

Ana cikin wanke leda motar 'yan Dangamaji ta tsaya, dangin uwar amarya. Suka shigo da guɗa, suka ajiye kwano huɗu.

Attahiru ya zauna daɓas a ƙasa. Saba'in da ɗaya. Ya ƙirga da yatsun hannu, ya koma na ƙafa. Biyu, saura ɗaya. Uku, saura biyu. Bakwai, saura ɗaya. Takwas, saura bakwai. Can masallacin Malam aka kira la'asar.

Kulsum ta dubi ɗakin. Gado a karkace, labule rabi a sama rabi a ƙasa, kwanoni a warwatse kamar an tashi kasuwa. Abin da ta yi shekaru tana tsoro ga shi ya zo, kuma ɗan'uwanta ne ya kawo shi. Ta ce, "Tashi ka hita. Mu jera su yadda Allah ya nuhwa."

"Tsaya!" Ya miƙe zumbur, idonsa na ƙyalli. "Ba adadin da ba shi da mahita. Kowane adadi na rabuwa da ɗaya! Ɗaya sau saba'in da ɗaya! Sahu guda, Yaya! Ba a taɓa yi ba ƙasar Kabi!"

"Don ba a taɓa samun mahaukaci ba," in ji Bushira.

Amma lokaci ya ƙure, kuma kafin a hana shi ya yi nisa. Ya tuttura murafe ƙarƙashin gado, ya shiga cusa kwano cikin kwano a ƙuryar ɗaki. Sahun ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya wuce kansa. Ya sa aka mirgino turmi ya hau. Matan, ganin ƙasa na sharewa da sauri, suka shiga miƙa masa, wasu na gyara gado, wasu na labule. Ya ɗora na saba'in da ɗaya daf da silin.

"Ku duba! Hasumiya!"

Ya saki hannu. Hasumiya ta karkato tana gaishe da jama'a. Ya yi wuf ya rungume ta.

"Tana son ɗan lokaci ta zauna," in ji shi.

Sai ga guɗa daga cikin gida, da ƙamshin turare, da takun mata masu yawa. Hajiya Gudiya ta taso.

Babu damar fita, don in ya saki komai zai zube. Kulsum ta rasa abin yi, sai Bushira ta fizgo sabon zanen gado mai kwalliya ta yafa masa tun daga hula har turmi, ta soke gefen a bayan kabad. "Ko tari ka yi, Baba, kashinmu ya bushe," ta raɗa masa.

Hajiya Gudiya ta shigo, babbar mace mai nutsuwa, carbi a hannu, mata kusan ashirin a bayanta. Aka gaisa, aka yi barka da zuwa. Ta dubi gado ta gyaɗa kai. Ta dubi labule. Sannan idonta ya sauka a ƙurya, ta bi kwanonin da kallo tun daga ƙasa har sama, sai da ɗankwalinta ya zame.

"Wanga wane irin jere na?"

"Sabon yayi na, Hajiya," in ji Bushira. "Daga Jega."

"To. Wancan kuma da anka lulluɓe hwa?"

"Madogari na. Tare aka sai da su."

Wata daga cikin matan gidan ta matsa ta ce ita fa ta ga madogarin kamar yana numfashi. Kulsum ta ce iska ce. A ƙarƙashin zane, Attahiru ya ciji leɓe. Hannuwansa sun mutu, gumi na gangara masa cikin ido, ga wani sauro ya samu kunnensa. Amma ya daure. Don Ni'ima, ko motsi bai yi ba, kuma da an bar shi haka da ya kai magariba.

Sai Hajiya Gudiya ta juya ta karɓi wani abu daga hannun jikarta. "Al'adarmu ta gidan ga, uwar miji na sa nata cikin jeren amarya. Ga kwano guda, ku ƙara. Nawa ke nan yanzu?"

Kulsum ta buɗe baki, amma ba ita ta amsa ba.

"SABA'IN DA BIYU!" in ji madogari. "Takwas sau tara! Shida sau sha biyu! Huɗu sau sha takwas! Allahu akbar, Hajiya, kin gama mana komi!"

Kuma don murna, ya tafa.

Mutanen Giwa Tazo sun ce har a bakin rijiya an ji ƙarar. Kwanoni suka zubo kamar ruwan ƙanƙara a kan kwanon rufi, suka bi ƙofa suka fantsama tsakar gida, wasu suka gangara har zaure. Mata suka watse suna salati, wata ta haye gado da takalmi, wata ta shige kabad rabi. Kaji suka tashi sama. Kwano ɗaya ya daɗe yana juyi a tsakiyar ɗaki, kowa na kallonsa, har ya gaji ya kwanta.

Zanen ya zame. Ga Attahiru tsaye a kan turmi, ba takalmi, tafin hannunsa a haɗe.

Hajiya Gudiya ta dube shi sama da ƙasa. "Shi ma cikin kayan ɗakin shike?"

Kulsum ta durƙusa, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. "Hajiya, ki yi mana aikin gahwara. Ƙanena na, ƙanen uban yarinya. Ni na bar shi. Bai da abin ba ta, shi na..."

Hajiya ta sunkuya ta ɗauki kwanon da ya tsaya a ƙafarta, gefensa ya ɗan ɓalle. "Wanga na wa na?"

"Nawa na," in ji Inna Lubna. "Daga Birnin Malam. Uwar amarya ƙawata ta."

Ta ɗauki wani. "Wanga hwa?"

"Namu na, 'yan Dangamaji."

"Wanga?"

"Na maƙwabta na, Hajiya."

Yara suna ta tsinto su daga tsakar gida suna kawowa, tana tambaya, ana amsawa, wannan daga Aliero, wannan daga Maiyama, waɗannan Kulsum ce ta tara. Da ta gaji ta zauna a bakin gado, ta ajiye carbinta.

"An ce mani marainiya za a kawo mani," in ji ta. "Har na ce wa matan ga kowa ta kama bakinta in mun ga ɗaki ba yawa. To ni ban ga marainiya ba. Yarinyar da gari huɗu sunka taso saboda ita, har ƙato ya hau turmi ya zama madogari? Ku matso mu jera abin ga. Inda ya ɓalle a juya shi bango."

Kulsum ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka sosai, kukan da ta daɗe tana riƙewa. Matan gidan da na Aliero suka zube a leda tare, ana miƙa murafe daga ƙarƙashin gado ana dariya. Suka tayar da sahu yadda ya zo, wani dogo wani gajere.

Attahiru ya sauko daga turmi ya yi gyaran murya. "Hajiya, in za a bi shawarata, takwas sau..."

"Kai kuma ka hita ta inda ka shigo, tun Malam bai ji ba."

Ya zaro takalminsa daga ƙarƙashin akwati ya fita. Yana sa ƙafa a waje sai ga wata tsohuwa tukuf ta sauko daga amalanke, ta makara, tana rungume da ƙulli. Ta ce ita ce ta yanke wa Ni'ima cibiya, ta ji labari a makare, ga ɗan abin da ta samu. Ta kwance. Kwano ɗaya.

Saba'in da uku. Kafin ya hana kansa ya riga ya bi shi da biyu, da uku, har takwas, kuma ya san ba ya rabuwa. Ya dubi kwanon, ya dubi tsohuwar. Sai ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

"Allah shi saka da alheri, Inna. Bushira! Zo ki shigo da wata uwar Ni'ima, ki sa nata a gaba inda za a gani."

Ya tsaya har suka shige, sannan ya gyara hula ya kama hanyar bakin titi. Sai da ya yi nisa cikin gonaki, ya waiga ya tabbatar babu kowa, sannan ya yi ajiyar zuciya.

"Da dai uku ta kawo," in ji shi.